KWABO MAI JUYAYYEN BAYA: YADDA AKE GANE SHI DA AUNA ƘARANCINSA

Da wuya ka shiga tsohon gida a Birnin Kebbi ko Argungu, ka sa a bincika maka ƙasan adakar tsohuwa, a rasa 'yan sulallan da zamaninsu ya wuce: kwabo mai huji, anini, taro, sisi, sule mai bishiyar kwakwa, wani lokaci har da liyari na azurfa wanda aka gada tun kaka da kakanni. Yau ba su sayen ko ƙwayar gero, saboda haka yara ne ke wasa da su, ko a miƙa wa maƙeri ya narkar, ko kuwa a haɗa su da fasassun tukwane a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. A wasu ƙasashe kuwa akwai mutane, cikinsu har da malaman jami'a da manyan ma'aikatan gwamnati, waɗanda tara irin waɗannan sulalla da nazarinsu shi ne abin da suke cinye lokacin hutunsu da shi. Wani abin mamaki kuma shi ne, sulen da ya fito daga gidan bugu da kuskure a jikinsa ya fi wanda ya fito lafiya lau daraja a wurinsu.

Daga cikin kurakuran da suke nema akwai wanda za mu kira juyin hatimi, watau sulen da in ka daidaita fuskarsa sa'an nan ka juya shi, sai ka tarar bayansa ya karkace, ko ya kwanta, ko ma ya kife gaba ɗaya. Labarin wannan abu ya iso mu ta wayoyin hannu, inda samari ke ganin hoton wani sule tare da maƙudan kuɗin da aka ce an saye shi a Turai ko Amurka. Sai dai rabin labarin ne ya iso. An gaya musu juyayyen sule yana da tsada, amma ba a gaya musu yadda ake gane juyin gaskiya ba, balle yadda ake auna ƙarancinsa. Hasarar da ke biyo baya iri biyu ce. Ga mai zubar da abin da ya kamata a adana, ga kuma mai zuba albashinsa a kan abin da ke cike da aljihun kowane ɗan tireda a kasuwar Kamba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin sulallan da suka ratsa wannan kwari na Gulbin Rima. Wuri shi ne kuɗin kakanninmu, kuma ita kanta kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano cikin 1851 ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500, kuma ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi cikin 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Bayan zuwan Turawa, gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri cikin 1904, sa'an nan cikin 1907 aka fara bugo kwabo da anini masu huji a tsakiya, da sunan Nijeriya a jikinsu, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu. Aninin farko na alminiyan ne, irin ƙarfen da ake tukwane da shi, amma da aka ga ba ya jure wa yanayin ƙasarmu sai aka sake shi da farin ƙarfe cikin 1908. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma cikin 1912 domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa cikin 1913, kana ta koma bugunsu da tagulla daga 1920 sa'ad da azurfa ta yi tsada. Abin da ya cusa waɗannan sulalla cikin kowane ƙauye da kowace ruga shi ne haraji da jangali, domin da su Baitulmalin En'e ta Gwandu da ta Argungu suke karɓa. Rabin kwabo ya sami sunan ɗari ne daga wuri ɗari da ake canjinsa da shi. Shi kuwa kwabon da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɗauki sunansa sa'ad da ta fara fitowa a Zariya cikin 1939, wannan mai hujin ne.

Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa sulallan cikin 1959, aka koma naira da kwabo ran 1 ga Janairu 1973, aka sami sulen naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay cikin 1991, sa'an nan na naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe iri biyu cikin 2007. Watau cikin shekara ɗari an zuba wa wannan ƙasa sulalla iri-iri daga gidajen bugu dabam-dabam, kuma kowane gidan bugu yana da ranar da ma'aikacinsa ya yi gyangyaɗi.

YADDA HATIMI KE JUYAWA

Ba a zuba sule a kwami kamar yadda maƙerin farfaru ke zuba munduwa. Buga shi ake yi. Ana yanko 'yan faya-fayai daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a sa kowane faifai tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a ƙasa yana zaune kamar uwar maƙera, ɗaya a sama yana saukowa kamar masaba, ga kuma wani zobe da ke riƙe gefen faifan don kada ya baje. Bugu ɗaya tak ke fitar da fuska da baya a lokaci guda. Injin zamani yana buga ɗaruruwa cikin minti ɗaya, hatimi guda kuwa yana iya buga dubun dubata kafin ya gaji a sake shi.

Gindin hatimi kewayayye ne, ana zura shi cikin mazauninsa a ɗaure da noti. A nan kuskure ke shigowa, kuma ta hanya biyu yake shigowa. Ta farko ita ce ma'aikaci ya ɗaura hatimin a karkace tun da fari, ya matse noti da kyau. In haka ta faru, duk sulen da injin ya buga zai fito da karkata iri ɗaya, ba ragi ba ƙari, har zuwa lokacin da wani ya lura. Ta biyu ita ce noti ya kwance cikin aiki, girgizar inji ta riƙa juya hatimin sannu a hankali, sulen farko ya karkace kaɗan, na bayansa ya ɗara, har a zagaye. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai wajen auna ƙaranci, za mu dawo gare shi. A gidajen bugu na zamani ana fafe gefe ɗaya na gindin hatimi, ko a yi masa tsaga, yadda ba zai shiga mazauninsa ba sai ta fuska ɗaya. Shi ya sa juyin hatimi ya fi yawa a tsofaffin sulalla, ya ragu ainun a sababbi.

KAI-DA-KAI DA KAI-DA-ƘAFA

Kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin masu tarawa shi ne zaton cewa duk sulen duniya tsari ɗaya gare shi. Tsari biyu ne, kuma kowanne da gangan aka yi shi.

Ka riƙe sule da babban yatsa a ƙasa, manuni a sama, fuskarsa tana tsaye daidai, ka juya shi gefe kamar yadda ake buɗe ƙofa. In bayan ya fito a tsaye, wannan shi ne tsarin kai-da-kai. Irin tsarin lambar girma ke nan, wadda in iska ta juya ta a ƙirjin soja ba a so a ga ta kife. In kuwa bayan ya fito a kife, kai ƙasa, to tsarin kai-da-ƙafa ne, kuma ba za ka ga bayansa a tsaye ba sai ka wuntsila shi daga sama zuwa ƙasa. Sulallan Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da na Babban Bankin Nijeriya kai-da-kai suke. Haka liyari, haka sulallan Ingila na yanzu, haka yuro. Na Amurka kuwa kai-da-ƙafa suke tun da daɗewa, haka ma tsohon faran na Faransa.

A nan ne zaman Jihar Kebbi a bakin iyaka ya shigo cikin magana. Jihar tana maƙwabtaka da Nijar da Binin, kuma duk mai bin hanyar Kamba zuwa Gaya, ko mai ciniki a Dole Kaina, yana dawowa da canjin sefa a aljihu. Sulallan sefa da aka saba da su, daga dala ɗaya mai kan barewa har zuwa dala ashirin, bugun Faransa ne, kuma sun gaji tsarinta na kai-da-ƙafa. Ɗalibin da ya saba da sulen Nijeriya, in ya ɗauki dala ashirin ya juya ta kamar ƙofa, zai ga alamar bankin nan mai siffar kifi ta kife, ya yi tsammanin ya tsinci dami a kala. Ba abin da ya tsinta sai dala ashirin. Haka aka yi ta, haka miliyoyin 'yan'uwanta suke. Sefar da ta fito kai-da-kai ita ce mai kuskure. Irin wannan tarko yana nan a tsofaffin sulallan azurfa na Sarauniya Biktoriya, waɗanda suka yi yawo a Afirka ta Yamma kafin 1913, wasu suka ƙare a kitson matan Fulani: waɗanda aka buga kafin 1887 kai-da-ƙafa suke bisa ƙa'ida, daga wannan shekara aka sauya. Saboda haka ba a cewa sule ya juya sai an san yadda 'yan'uwansa na iri ɗaya da shekara ɗaya suke zaune.

Auna juyin ba ya bukatar wani kayan aiki da ya wuce abin da ke cikin akwatin lissafin ɗan sakandare. Ka ɗauki sule kamar fuskar agogo. Inda kan bayan ya kamata ya tsaya shi ne ƙarfe 12. In ya nuna ƙarfe 1 ya juya da digiri 30, ƙarfe 3 digiri 90, ƙarfe 6 digiri 180, kowane minti ɗaya na agogo kuwa digiri 6 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya gaban madubi, ka riƙe sulen fuskarsa tana kallonka a tsaye, ka dubi bayansa a cikin madubin. Ta haka kana ganin fuska biyun lokaci ɗaya, hannunka bai sami damar karkatar da shi wajen juyawa ba. Mai son ainihin adadi sai ya sa sulen cikin farar leda, ya ja layi a kan ledar daga sama zuwa ƙasa bisa tsayuwar fuskar, ya juya, ya auna tazarar da ma'aunin kusurwa. A kan leda ake jan layi, ba a kan sule ba.

Kwabonmu mai huji yana da wata yaudara tasa ta musamman wadda ba a cika ambatonta ba. A bayansa akwai tauraro mai tsini shida, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. Tauraro mai tsini shida in ka juya shi da digiri 60 ba ya sauya kama, haka digiri 120, haka digiri 180. Watau juyin da masu tarawa suka fi so, wanda bayan ya kife sarai, shi ne wanda ido ba zai kama ba in tauraron yake kallo. Mutum yana iya riƙe irin wannan kwabo shekara da shekaru bai sani ba. Abin dubawa shi ne shekarar bugu. A fuskar kwabon kambin sarauta yana saman hujin, a bayansa kuma shekara tana ƙasa. In ka tsayar da kambin a sama ka ga shekarar ta koma gefe, ko ta haye sama tana bayan kambin, to ka sami abin da ake nema.

ƘARANCI

To, an sami juyin gaskiya. Saura tambayar da ta fi wuya: guda nawa ne irinsa?

Gidan bugu yana rubuta yawan sulen da ya buga kowace shekara, amma ba ya da lissafin kurakuransa da suka fita, domin wanda ya gani narkar da shi yake yi, wanda ya fita kuwa ya fita ne saboda ba a gan shi ba. Saboda haka babu littafin gwamnati da za a buɗe a ga adadin juyayyun kwabban wata shekara. Ƙidaya ce kaɗai ke nuna shi, watau mutane su duba sulalla masu yawa na iri ɗaya, su rubuta nawa suka fito daidai, nawa suka karkace, da digiri nawa.

Girman juyin shi ne farkon abin lura. Karkatar da ba ta kai digiri 15 ba, masu wannan sha'ani ba su ɗauke ta a bakin komai ba, domin tana cikin ɗan sassaucin da kowane tsohon inji ke da shi. Daga digiri 45 ake fara ɗaga gira, digiri 90 da 180 kuwa su ne ake rububi, saboda ko wanda bai san komai ba in an nuna masa zai gani. Amma girman juyi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma nan ne bambancin da muka ambata ɗazu ke aiki. In ma'aikaci ne ya ɗaura hatimi a kife ya matse, aka wuni ana bugu ba wanda ya duba, to dubbai ne suka fita da digiri 180 cif, kuma duk da kyan ganinsu za a yi ta cin karo da su. In kuwa noti ne ya kwance na ɗan lokaci aka ankara, waɗanda suka fita kaɗan ne, kuma kusan kowanne da nasa kusurwar. Alal misali, a ce ƙungiyar ɗalibai ta tattara kwabo 300 na shekara ɗaya daga gidajen Argungu, ta sami 20 duk sun kife daidai wa daida. Wannan alama ce ta hatimi guda da aka ɗaura a kife ya yi dogon aiki, nau'i ne mai ban sha'awa amma ba mai wuyar samu ba. In kuwa cikin 300 ɗin guda ɗaya ne ya nuna ƙarfe 4, sauran duk lafiya, to shi wannan ɗayan ya fi cancanta a nannaɗe shi a ajiye.

Sa'an nan a dubi inda aka buga shi. Kwabbanmu na zamanin Turawa ba gida ɗaya ya buga su ba. Akwai na gidan bugun gwamnatin Ingila, waɗanda ba su da wata alama, akwai masu ɗan ƙaramin harafin H na kamfanin Heaton a Birmingham, akwai masu KN na King's Norton, har da masu SA na Pretoria a Afirka ta Kudu. Harafin ƙanƙane ne, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai, amma kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba wajen yawa saboda shi. Halin gidan bugu ma yana shiga lissafi. A Indiya, inda juyin hatimi ya zama ruwan dare a sulallan yau da kullum, ba ya ƙara wa sule wani abin kirki sai ya yi girma ƙwarai. A Amurka kuwa, cikin 1989, wasu 'yan kaɗan daga dalolin azurfa da aka buga a Denver don tunawa da cikar Majalisar Dokokinsu shekara 200 sun fito kai-da-kai maimakon kai-da-ƙafa, kuma saboda gidan bugu ne mai tsananin bincike, farashinsu ya ninka na 'yan'uwansu sau da yawa. Kuskure ɗaya ne, daraja dabam.

Abin da ya fi ruɗar mutanenmu shi ne haɗa tsufa da ƙaranci. Liyari shi ne babban misali. Duk wanda ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780, shekarar da Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu, sai mai shi ya rantse yana riƙe da abin da ya haura shekara 240. Alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a sauya ba har cikin zamaninmu, a Biyana da Landan da Faris da Roma da Bombay da wasu wurare, ɗaruruwan miliyoyi, saboda fatake daga Habasha da ƙasashen Larabawa har zuwa ƙasar Hausa ba su yarda da wanda ya saɓa wa wannan kama ba. Yawancin liyarin da ke hannun jama'a darajarsa ita ce ta azurfar da ke cikinsa, watau giram 28 da 'yan kai wanda kashi biyar cikin shida azurfa ce.

Haka labarin Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila cikin Janairu 1936 ya yi murabus cikin Disamba na shekarar. A Ingila kanta ba a saki sule ko ɗaya da sunansa ba. Amma namu masu huji ba su bukatar hoton kan sarki, suna kawai ake rubutawa, saboda haka aka buga kwabo da ɗari da anini na 1936 da sunansa, aka aiko mana. Labari ne mai daɗin ji, kuma dillali yana iya amfani da shi ya ce maka ga kuɗin sarkin da bai cika shekara ba. Gaskiya ne, sai dai miliyoyi aka buga, kuma masu tarawa da yawa sun ɓoye su tun suna sababbi, don haka suna cikin masu sauƙin samu.

Wanda ke da wuyar samu ɗan'uwan juyin hatimi ne, wani kuskure da masu tarawa ke kira alfadari, domin uwa dabam uba dabam. Shi ne a haɗa hatimin fuskar wani sule da hatimin bayan wani. Kamfanin Heaton yana buga wa Afirka ta Gabas nata sulallan masu huji, masu girma kusan ɗaya da kwabonmu, kuma cikin 1936 an sami kwabon da bayansa namu ne, fuskarsa ta Afirka ta Gabas. Akwai kwabon 1945 mai sunan Edward, shekara tara bayan ya bar sarauta. Akwai na 1956 mai sunan Sarki George na Shida, wanda ya rasu tun 1952. Duk mai duba juyin hatimi, tun da ya riga ya ɗauki kwabo yana juya shi, ba abin da zai rage shi in ya karanta sunan sarki ya gwada shi da shekarar. A ganina, ga mai bincike a Kebbi, wannan ya fi juyin kansa alamar riba.

Bayan duk wannan sai lafiyar sulen. Kwabon da ya sha hannu har rubutunsa ya shafe, ko wanda aka yi wa ƙarin huji aka rataya, ko aka like masa kunne don abin wuya, ya zubar da mafi yawan darajarsa ko da juyinsa na gaske ne. Kuma a tuna, ƙaranci dabam, farashi dabam. Abu yana iya zama guda biyar kacal a duniya, in masu nemansa uku ne ba zai yi tsada ba. Masu tara sulallan Amurka dubbai ne, masu tara na Afirka ta Yamma ba su kai ko kusa ba. Farashin da ake gani a waya sau da yawa abin da mai sayarwa ya yi wa kayansa suna ne, ba abin da aka biya ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

JABU, DOKA DA AJIYA

Inda kuɗi ya shiga, mai ha'inci yana biye. Ana iya zarte fuskar sule ɗaya da bayan wani, a manna su a karkace, ko a rarake guda a cusa rabin wani a ciki. Ana gane irin wannan ta wurin siririn layin haɗi a gefe ko a cikin da'irar baki, da bambancin nauyi in an gwada shi da ɗan'uwansa a ma'aunin masu sayar da zinariya, da kuma ƙara. Sulen kirki in ka ɗora shi a kan yatsa ka ɗan taɓa shi da wani ƙarfe yana yin amo mai tsawo, na haɗi kuwa amonsa a mace yake. Naira ɗaya da naira biyu na 2007 suna da nasu salon: ana iya fitar da ƙarfen tsakiya a juya shi a mayar. Amma mai yin haka ya juya tsakiyar ne ta fuska biyun duka, sai ka ga hoto ya saɓa da rubutun da ke kewaye da shi gaba da baya. A juyin hatimi na gaske kowace fuska daidai take da kanta, saɓanin yana tsakanin fuska da baya ne kawai.

Ma'aikacin gwamnati musamman ya kamata ya san matsayin doka. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta lalata takardar naira ko sulenta, ya kuma haramta tallarsu da cinikinsu, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 kuma ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izini ba. Wanda ya tono tulun tsofaffin kuɗi a gona ko a kufai, hukuma ya kamata ya sanar, kuma kada ya rarraba su, domin sanin irin sulallan da aka binne tare yana gaya wa masana lokacin da aka binne su.

Wajen ajiya, babban abokin gaba shi ne son ƙyalli. Da zarar an ce wa mutum kwabonsa yana da daraja sai ya nemo toka da tsamiya, ko lemun tsami da yashi, ya goge shi fes kamar kwanon amarya. Wannan goga tana kankare fatar ƙarfen, kuma mai saye da ya san abin da yake yi yana ganinta daga nesa, ya rage kuɗi ko ya fasa. Duhun da shekaru suka sa wa sule a bar masa abinsa. A riƙe shi ta gefe, a sa kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, a nisanta shi da jakar fata, domin abin jima yana cin tagulla, a kuma nisanta shi da danshi, wanda garuruwan bakin fadama irin Argungu da Birnin Kebbi ba su rasa shi da damina.

Ƙidayar da muka ce ita kaɗai ke nuna ƙaranci aiki ne da ya dace da ɗalibai, kuma ba ya bukatar a sayi ko kwabo ɗaya. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, in kowanne ya aro abin da ke gidansu ya duba ya mayar, cikin zango ɗaya za a ga dubban sulalla. Gidan Tarihin Kanta, wanda ya kasance fadar Sarakunan Kabi har zuwa 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi cikin 1958, wuri ne da ya dace a ajiye irin wannan rajista, kuma lokacin bikin kamun kifi, sa'ad da jama'a ke taruwa a Matan Fada daga ko'ina, ana iya sa tebur guda a duba wa mutane abin da suka kawo. Abin da za a rubuta a kan kowane sule bai wuce layi ɗaya ba: irinsa, shekararsa, sunan sarkin da ke jiki, harafin gidan bugu in akwai, digirin juyi, da garin da aka same shi. Waɗanda suka fito daidai ma dole a rubuta su, domin juyayye ɗaya cikin 50 da juyayye ɗaya cikin 5,000 ba a bambanta su sai an san adadin lafiyayyun da aka duba.